Giwar Baƙo Daban, Giwar Manomi Daban

Tun da na dawo Kumasi da zama, da wuya in zauna a wata majalisa a zango ba a tambaye ni labarin Larabanga ba. Wasu zolaya suke yi, su ce, "Ticha, yaya ka baro 'yan'uwanka giwaye?" Wasu kuwa da gaske suke, suna son su kai iyalinsu su gani, amma tsoron daji ya hana su. To, maimakon in riƙa ba kowa guntu-guntu, na ga gara in zo wannan fili namu in faɗi abin da na gani gaba ɗaya, daɗinsa da ɗacinsa.

Ni haifaffen zango ne. A Kumasi aka yanke mini cibiya, a nan na yi makarantar allo da ta boko, kuma har na yi aure ban taɓa riƙe fartanya ba. Kun dai san yadda muke. A wurinmu in aka ce wa mutum ɗan ƙauye an zage shi, in kuwa muka ga Bature ya goya jaka yana yawo a daji, sai mu ce kuɗi ne suka yi masa yawa ya rasa abin yi. Da wannan tunani na girma, da shi kuma na fara taka ƙasar Gwanja.

Zuwana na farko a watan Fabrairu ne na 2011, lokacin da muka kai ɗaliban makarantarmu ziyara gandun dajin Mole. Mun bar Kumasi da asuba, muka bi ta Techiman da Kintampo, muka haye gadar Buipe, har muka iso mararrabar Fufulso inda ake barin hanyar Tamale a yi yamma. A wannan zamani nan kwalta take ƙarewa. Daga nan sai jar ƙasa da gargada, mota tana rawa, haƙora suna kaɗawa, ƙura tana shigowa ta ko'ina. Kafin mu wuce Damongo kowa ya koma ja, ba ka gane yaro sai ya yi magana. Da dare muka shiga gandun, muka kwana a masaukin da ke kan tudu.

Da ƙarfe 7 na safe wani jami'in gandun daji mai bindiga a kafaɗa ya tara mu, ya karanta mana doka: ba a shiga da silifa sai takalmi rufaffe, ba a ɗaga murya, ba a wuce gabansa, kuma in an ga giwa ba a matsa kusa da ita fiye da kamar mita 50. Muka gangara daga tudun muka nufi tafki. Muka ga gadu yana kiwo a durƙushe, muka ga garken mariya sun ɗaga kai suna kallonmu. Can sai mutumin ya tsaya, ya ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska take kaɗawa, ya yi mana nuni da hannu. Ni dai da farko duwatsu na gani baƙaƙe a cikin ruwa. Sai dutse ɗaya ya ɗaga hanci ya fesa ruwa sama. Jama'a, gani ya kori ji! Duk surutun yaran nan ya ɗauke. Ni kaina da nake babba sai da na ji gwiwoyina sun yi sanyi.

A hanyar komawa muka tsaya a Larabanga, garin da ke bakin ƙofar gandun, na kamar rabin awa. Muka ɗauki hoto a gaban tsohon masallaci, yara suka kewaye mu, na ba su 'yan canji, muka shiga mota. Na dawo gida ina cika baki ina cewa na san Larabanga.

Ashe Allah ya ji ni. A 2013 takardar canjin wurin aiki ta zo, aka tura ni koyarwa a wannan gari dai. Mahaifiyata da ta ji, abin da ta fara tambaya shi ne, "Wane laifi ka yi musu?" Matata kuwa ba ta ce komai ba, shirun nan ya fi magana ciwo. Abokai suka ba ni shawara in bar iyali a Kumasi in riƙa zuwa hutu, kamar yadda da yawa suke yi. Na ƙi, domin albashi ɗaya ba ya riƙe tukunya biyu, kuma babban ɗana yana shekara 10, lokacin da yaro ya fi bukatar idon uba. A watan Satumba muka ɗaure kaya, ni da ita da yara biyu.

Larabanga ƙaramin gari ne, kana iya ratsa shi da ƙafa kafin shayinka ya huce. Mutanensa suna da harshensu da ake kira Kamara, kusan dukkansu Musulmi ne, suna zaune a ƙasar Gwanja, kuma an san su da malanta tun da daɗewa. Na sami ɗakuna biyu a gidan wani dattijo wanda ya yi ƙuruciyarsa yana aiki a Kumasi, don haka Hausa a bakinsa kamar ɗan zango. Ni ina ce masa Baba, shi kuma yana ce mini Ticha, ko kuma ɗana in hira ta yi daɗi.

Shi ne ya fara nuna mini cewa masallacin da na ɗauka a hoto ban gan shi ba. Ginin ƙasa ne da itatuwa, an shafe shi da farar ƙasa, bai fi mita 8 a kowane gefe ba, ga wata tsohuwar kuka a jikinsa. Mutanen gari suna cewa tun 1421 aka gina shi, kuma ana lissafa shi cikin masallatai mafiya daɗewa a Afirka ta Yamma. A shekarun 1970 an shafe shi da siminti da niyyar a ƙarfafa shi, ashe cutarwa aka yi: simintin ya riƙe laima a cikin bango, gara ta shiga itatuwan, gini ya fara lalacewa. A 2002 aka sa shi cikin jerin tsofaffin gine-ginen duniya da ke cikin haɗari, sannan aka kankare simintin aka koma yaɓe irin na kakanni. Baba ya ce mini, "Ka gani ko, Ticha? Wanda ya zo daga nesa da taimako, in bai tambayi masu wuri ba, sai ya kashe abin da ya zo ceto." Na riƙe wannan magana.

Kada in yi muku ƙarya, shekarar farko ta yi mana wuya, kuma tushen wuyar ruwa ne. Mu da muka saba da famfo, ko da yana zuwa yana ɗaukewa, sai ga mu muna ƙirga jarkoki, irin rawayen nan da ake kira galan ɗin Kufuor. Da rani mata suna fita tun duhun asuba su yi layi, wani lokaci a sayo daga masu motokin. Ruwan da aka wanke shinkafa da shi ba a zubarwa, ruwan ɗaurayar kaya shi ake yayyafa wa tsakar gida. In kana son cefane na kirki sai ka je Damongo. A watan Maris da Afrilu kuwa zafi yakan sa ɗaki ya gagari kwana. Wata rana matata ta ajiye jarka a gabana ta ce, "Malam, giwar taka ita za ta ɗebo mana ruwa?" Ban sami amsa ba.

Amma zafin nan shi ya fara buɗe mana ido. Tsofaffin gidajen garin rufin soro gare su, shimfiɗaɗɗe, kuma in bazara ta yi sai kowa ya ɗauki tabarma ya hau sama. Daren farko da muka hau, ƙaramar 'yata ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, wa ya ƙara taurari?" A Kumasi fitilu da hayaƙi sun ɓoye mata su tun haihuwarta. Muka kwanta muna jin maƙwabta suna hira daga soro zuwa soro, iska tana kaɗawa, babu ƙarar janareto, babu hon na mota.

Daga nan na sayi tsohon keke. Ranar da babu makaranta sai in goya ɗana mu kama hanyar gandun, 'yan kilomitoci ne kawai. Wani lokaci mu biya mu bi masu rakiya, wani lokaci mu zauna a kan tudu kawai muna kallon tafki. A hankali na gane cewa giwa ita ce ƙaramin abin da ke wurin, ko da yake ita ta fi girma. Dajin ya haura murabba'in kilomita 4,500, shi ne mafi girma a Ghana, kuma tsuntsayen da aka ƙirga a cikinsa sun haura iri 300. Akwai ɓauna, da gwanki, da kanki, da mazo, da kada a cikin ruwa. Akwai kuma gwaggon biri, ɓarawon da ba ya jin kunya, wanda ya taɓa fizge mana ledar burodi muna ji muna gani. Mun je ƙauyen Mognori inda ake shiga kwalekwale a bi kogin Mole a ƙarƙashin inuwar itatuwa, ba ka jin komai sai ƙarar filafili da kukan tsuntsaye. Da farkon damina yarana sun bi matan gida tsintar kaɗanya, sun ga yadda ake dafa ta, a shanya, a daka, a fitar da man kaɗe, man da muke saye a kasuwa ba mu san wahalarsa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne sunaye. Kirya, marke, maɗaci, ɗorawa, tsamiya: duk na san su a bakin kakana da cikin karin magana, amma in ka tsayar da ni a gabansu ba zan bambance ba. Baba ne ya riƙa nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Sai na tuna cewa kakannin yawancinmu fatake ne. Da ƙafa da jakuna suka taso daga ƙasar Hausa, wata da watanni a daji, suka kawo kanwa da tufafi kasuwar Salaga a wannan ƙasa ta Gwanja, suka koma da goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne da yawa suka watsu zuwa wasu garuruwa. Waɗannan mutane sun san itacen da ake kwana a ƙarƙashinsa da wanda ake gudu, sun san sawun kowace dabba. Mu jikokinsu kuwa mun wayi gari muna dariyar mai tafiya a daji. Wa ya kamata a yi wa dariya?

To, yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A hutun Babbar Salla ta 2014, farkon watan Oktoba, abokaina uku suka zo mini daga Kumasi. Na yi murna ƙwarai, ina so in nuna musu cewa ba kurkuku aka kawo ni ba. Da sassafe na kai su gandun. Lokacin ciyawa ta yi tsawo, ganin dabbobi yana da wuya, amma muka yi sa'a, muka ci karo da giwaye huɗu suna karya rassa. Abokaina suka rasa inda za su sa kansu don murna, ɗaya har yana cewa wannan rana ta biya masa kuɗin motarsa. Muka dawo gida da hantsi muna shewa.

Muna shiga na ga gidan ya yi tsit. Matan suna zaune jugum, ba a hura wuta ba. Aka ce Baba yana gona. Na hau keke na bi shi. Gonarsa tana wajen iyakar gandun, kuma gandun ba shi da shinge, dabba ba ta san inda taswira ta ja layi ba. Abin da na tarar ba zan manta ba. Masarar da ta rage 'yan kwanaki a karya an kwantar da ita kamar an bi ta da mota. An tuttuge rogo, an tattake kunyoyin doya, ga sawu kamar faifai, ga kashi tuli-tuli yana tururi. Babbar giwa tana iya cin abin da ya kai kilo 150 a rana, kuma abin da take tattakewa ya fi wanda take ci. Wahalar damina guda ta tafi a dare ɗaya. Daren nan kaɗai yaran gidan ba su kwana a gona suna kaɗa gwangwani da hura wuta ba, saboda hidimar Salla.

Baba yana tsaye a tsakiyar gonar, hannuwansa a baya. Da ya gan ni sai ya ce, "Ticha, baƙinka sun ga giwa?" Na ce, "Sun gani, Baba." Ya ce, "To, madalla. Ni ma na ga tawa."

Na rasa abin faɗa. Na san wannan masara ita ce tuwon gidan har wata damina, kuma da kuɗin doyar nan ake shirin mayar da 'yarsa makarantar sakandare. Cikin zafin rai na ce, "Baba, ai da an harbe su kowa ya huta." Ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, doka ta hana, kuma ko ba doka, duba nan. Keken da yarona yake ba Turawa haya, don wa suke zuwa? Ƙanena da ke aiki a gandun, wa yake gadi? Wadda ta cinye masarar ita ta sayi kwanon rufin ɗakin da kake kwana. Abin da ke damuna ɗaya ne: masu kallonta suna da yawa, masu biyan bashinta kuwa mu kaɗai ne."

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Tun 1958 aka keɓe wannan daji, a 1971 ya zama gandun ƙasa, kuma akwai mutanen da aka tayar daga ƙauyukansu don a ba dabbobi wuri. Kare giwa abu ne mai kyau, domin giwayen da suka rage a Afirka ta Yamma ba su da yawa, in aka sake su ga maharba jikokinmu sai dai su gan su a littafi. Masu gadin dajin kuma suna sa ransu a haɗari a gaban ɓarayin nama. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baƙo yana biyan kuɗin ƙofa sau ɗaya ya tafi da hoto, manomin bakin iyaka kuwa kowace damina yana biya da barcinsa, wata shekara da abincinsa.

Da na koma gida na gaya wa abokaina. Allah ya saka musu da alheri, ba su yi dogon jawabi ba, suka haɗa abin da ke aljihunsu. Da suka koma Kumasi suka faɗa a majalisa, aka ƙara, aka aiko da buhunan masara. Bai maye gurbin gonar ba, amma yarinyar ta koma makaranta. Matata kuwa, wadda take ƙirga kwanakin komawa, ita ta raba abincinmu biyu ba tare da ta tambaye ni ba. Daga ranar nan matan gidan suka daina ce mata matar Ticha, suka koma kiranta da sunan ɗanta na fari, kamar yadda ake yi wa 'yar gida.

A 2015 aka gama shimfiɗa kwalta daga Fufulso zuwa Sawla, hanyar da ta ratsa Damongo da Larabanga. Tafiyar da take karya ƙugu ta zama sauƙi. Da matata ta tashi haihuwar autanmu a 2016, cikin dare aka kai ta asibiti a Damongo ba tare da fargabar hanya ba. Baƙi suka ƙaru, har da 'yan ƙasa da yawa, ba Turawa kaɗai ba. Sai dai na lura da wani abu: da can wahalar hanya takan tilasta wa matafiyi ya kwana a gari, ya ci abincin gari. Da hanya ta gyaru, sai motoci su tsaya minti 20 a bakin masallaci su wuce, kamar dai yadda na yi a 2011.

Na sami damar neman canji bayan shekara uku, ban nema ba. Sai a 2018, da jikin mahaifiyata ya yi rauni, muka tattara muka dawo. Matata har yau ba ta yafe wa jarkokin nan ba, amma ranar tafiya ita ta fi kowa kuka. Ɗana, wanda ya je yana tsoron ƙadangare, ya dawo yana gane tsuntsu da kukansa. Shekara guda bayan tasowarmu, a 2019, aka kafa yankin Savannah, Damongo ta zama hedikwatarsa.

Saboda haka ga amsata ga masu tambaya. Ku je, ku kai 'ya'yanku. Yaron zango da ya san sunayen 'yan ƙwallon Ingila kaf bai kamata a ce bai taɓa ganin giwar ƙasarsa ba. Lokacin da ya fi kyau shi ne rani, daga Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe dabbobi suke taruwa a bakin ruwa. Ku tafi da takalmi rufaffe da ruwan sha, ku bi umarnin mai rakiya, ku ɓoye abincinku daga birai. Amma ina roƙonku, kada ku wuce garin a guje. Ku kwana ko da dare ɗaya ne, in bazara ce ku hau soro. Ku yi sallama ga dattawa, ku nemi izini kafin ku ɗauki mutum hoto. Kada ku watsa wa yara canji kamar yadda na yi, wannan roƙo yake koya musu. Gara ku sayi man kaɗe da doya a hannun iyayensu mata, ku ɗauki ɗan gari ya zaga da ku ku biya shi haƙƙinsa. Kuma ku tambayi manomi yadda daminarsa ta kasance.

Mu 'yan zango ya kamata mu fi kowa gane wannan. Kalmar zango kanta masaukin matafiya take nufi, wato mu ma baƙi ne da aka karɓa har muka zama 'yan gida. Mun san ciwon mutum ya ratsa unguwarmu a mota, ya leƙo ta taga, ya je yana cewa ya san mu. To, kada mu yi wa wasu abin da ba mu so a yi mana.

Allah ya ba manomanmu damina mai albarka, ya tsare musu gonakinsu, ya kai matafiya gida lafiya. Amin. Sai mun sake haɗuwa a wata fitowar.